Amsa ga Malam Sani: Runduna ta 7 ta tankokin Jamus

Malam Sani, barka da war haka. Ka tambayi dalilin da ya sa ake kiran Runduna ta 7 ta tankokin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu da "rundunar fatalwa", da kuma ko ta bi kwamandanta, Janar Erwin Rommel, zuwa Libiya.

Sunan ya samo asali ne a Faransa a 1940. Rommel ya karɓi ragamar rundunar a watan Fabrairu, ranar 13 ga Mayu suka tsallake kogin Meuse a garin Dinant na ƙasar Beljiyam, daga nan sai gudu dare da rana, har manyan hafsoshin Jamus kansu sukan rasa inda take, shi ya sa aka yi mata laƙabi da fatalwa. A garin Arras na Faransa, ranar 21 ga Mayu, tankokin Matilda na Ingila suka kusa tarwatsa ta, sai da aka juya musu manyan bindigogin harbo jirgin sama. Ranar 19 ga Yuni birnin Cherbourg da ke gaɓar tekun Faransa ya miƙa mata wuya.

Abin da ke ci mini rai, kuma ba a cika faɗa ba, shi ne abin da ya faru a yankin Somme na arewacin Faransa. A garin Airaines, ranar 7 ga Yuni, bayan sojojin Afirka da ke yi wa Faransa yaƙi sun ajiye makamai, aka harbe Kyaftin Charles N'Tchoréré, ɗan ƙasar Gabon, don ya ƙi yarda a ware shi daga sauran hafsoshi farar fata. Masana tarihi da dama sun ɗora wannan kisa a kan sojojin rundunar.

Libiya kuwa ba ta je ba. Rommel ya tafi can a 1941, ita kuma aka tura ta Rasha, ta yi yaƙin Kursk a 1943, ta miƙa wuya ga Turawan Ingila a Mayun 1945.