Me Ya Kawo Tambarin Volkswagen Cikin Ford?

Ajiye sifanar nan ka matso. Tambayarka ta ɗazu ban manta da ita ba, hannuna ne ke cikin aiki. Cewa ka yi, "Oga, motar nan Ford aka rubuta a goshinta, to me ya sa da na kwance ƙafar gaba na ga tambarin Volkswagen a jikin ƙarfen? Ko wani bakanike ne ya cuci mai motar, ya ɗaura masa kayan wata?" Wallahi na ji daɗin tambayar nan. Yara nawa suka kwance ƙafar Galaxy a garejin nan, ba wanda ya taɓa tsayawa ya karanta abin da ke jikin ƙarfe sai kai.

Miƙo min shi. Tsoma tsumman nan a fetur ka goge wajen, a hankali. Ka ga V da W a cikin da'ira? To duba gefensa, ga tambarin Ford mai siffar ƙwai. Ƙarfe ɗaya, tambari biyu. Ga kuma lamba ta fara da 7M0, wadda ita ce lambar da Volkswagen ke bai wa kayan Sharon ta farko. Ba wanda ya cuci kowa, ɗana. Da wannan ƙarfen motar ta fito daga kamfani.

Sharon ɗin da direbobinmu ke lodi da ita a tasha, wadda sunanta na takarda Sharan, da wannan Ford Galaxy, da wata da ake kira SEAT Alhambra, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A masana'anta guda aka haife su, a garin Palmela na ƙasar Fotugal, kusa da Lisbon. Ford da Volkswagen ne suka haɗa kuɗi suka gina ta, suka sa mata suna AutoEuropa. A 1995 Sharon da Galaxy suka fara fitowa, Alhambra ta biyo baya a 1996. Layi ɗaya suke bi, ma'aikata ɗaya ke ɗaure su, sai an zo wajen fitila da fuska da tambari a raba musu riga.

Za ka ce, kamfanoni biyu da ke kishi da juna a kasuwa, me zai haɗa su? Kuɗi. Kai dai kana ganin mota a gama. Kafin ta farko ta fito, sai an biya masu zane shekaru, an ƙera manyan ƙarafan da ke buga kowace ƙofa da kowane bonet, an yi ta rotsa sababbin motoci da bango don a ga ko mutum zai tsira a ciki. Wannan kuɗin an kashe shi ke nan, ko an sayar da mota dubu goma ko miliyan. A lokacin Renault na cin kasuwar motar iyali mai kujeru bakwai da Espace tun 1984, Ford na so, Volkswagen na so, amma kowa na tsoron ɗaukar nauyin shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka san yadda 'yan kasuwa biyu ke haɗa kuɗi su ɗauki shatar tirela ɗaya daga Legas, in an iso Kano kowa ya kwashi kayansa ya kai rumfarsa, gobe kuma su yi ta rige-rigen mai saye? To haka ne.

Amma ka buɗe kunnenka a nan, don nan ne bakanike ke faɗawa rami. Da zarar yaro ya ji wannan labari sai ya ce ai shi ke nan, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, ya riƙa sayo komai na Sharon yana cusa wa Galaxy. Kama da wane ba ta wane. Buɗe bonet ɗin nan. Wannan injin 2.3 na Ford ne zalla, bawul goma sha shida, sarƙa ke juya taimin ɗinsa. Sharon mai 2.0 injin Volkswagen gare ta, bawul takwas, bel ne a taimin. Ba abin da ya haɗa su sai ramin da suke zaune a ciki. In kuwa Galaxy ta zo maka da 1.9 TDI mai shan gas, ko 2.8 VR6 mai fulogi shida, to waɗannan na Volkswagen ne, ko da Ford aka rubuta a murfin. Ka ga ke nan Galaxy biyu za su tsaya gefe da gefe, launi ɗaya, shekara ɗaya, ɗaya ta karɓi kayan injin Sharon, ɗaya ta ƙi.

Ni da kuɗina na koyi wannan. Ban daɗe da samun 'yanci daga wajen maigidana ba, wani direban haya ya kawo min Galaxy ta yi zafi a hanya har tof, wato kan injin, ya lanƙwashe. Ina ji da kaina a lokacin, ko leƙa lambar injin ban yi ba na ce masa, "Je ka sayo tof ɗin Sharon, duk ɗaya ne." Bawan Allah ya ranto kuɗi ya sayo. Da na ɗora shi a kan bulok, ko rami ɗaya bai hau kan ɗan'uwansa ba. Mai kayan ya ce shi ba ya karɓar abin da ya fita daga shagonsa, kuma da gaskiyarsa, abin da aka tambaya ya bayar. Motar ta ƙara mako guda a ƙasa, mutumin nan da iyali, da balas da mai mota ke jira kullum. Ni na cika kuɗin tof na biyu. Kuɗin bai dame ni ba kamar yadda ya zauna a kan bencin nan bai ce min uffan ba. Har yau in na tuna sai na ji nauyi a ƙirjina.

Kuma ko a kayan da suke tarayya, shekara na da magana. A 2000 an sake musu fuska, fitilu da dashbod suka canza, lambobin kaya da yawa suka koma 7M3. A 2006 kuma Ford ta raba gari gaba ɗaya, ta fito da Galaxy tata ta kanta wadda aka haɗa a Genk ta ƙasar Beljiyam. Wannan ba ta da dangantaka da Sharon ko ta ƙusa. Suna ɗaya, jini daban.

Dubi Vibe ɗin can ta hajiya da ke jiran canjin mai. Pontiac aka rubuta, kuma Pontiac ta General Motors ce ta Amurka, tun 2010 ma aka rufe sunan. Da tambari ake bi, da yanzu motar nan ta zama marainiya, ba mai samun ko fulogi. Amma ka ga yadda mutanenmu ke rububinta. Dalili, cikinta Toyota ne. Injin 1ZZ mai 1.8 da ke cikin Corolla shi ne a ciki, 'yar'uwarta kuma ita ce Toyota Matrix. An haɗa Vibe a Fremont ta jihar Kalifoniya, a wata masana'anta mai suna NUMMI da General Motors da Toyota suka buɗe tare a 1984. Su Amurkawa na son su ga yadda Japanawa ke haɗa ƙaramar mota ba yawan kuskure, Toyota kuma na son ta gwada aiki a cikin Amurka da ma'aikatan can. Matrix ita a Kanada aka haɗa ta. Inji da giya da ƙafa, je ka nemi na Toyota hankalinka kwance. Fitila da bamba kuwa sai nata, rediyonta na General Motors ne, kayan esi ma kada ka saya sai ka gwada da tsohon. Wani abin mamaki, ita wannan Vibe ɗin an mayar mata da sitiyari dama an kai ta Japan an sayar da sunan Toyota Voltz. Masana'antar kuma da aka rufe ta a 2010, Tesla ce ta saye ta.

J5 da ke kwasar tumatir zuwa kudu ma haka take. Ita da Fiat Ducato da Citroën C25 a Italiya aka fara haɗa su a 1981, Peugeot Boxer ta gaje ta a kan wannan tsari. Lexus RX300 a Japan Toyota Harrier ce. Abin ya fi ƙarfin lissafi.

Ni ban ga laifin kamfanonin ba, mu ma ai alheri ne gare mu: ƙarfe ɗaya ya shiga mota uku, ka ga ba zai yi wuyar samu ba, ba zai yi tsada ba. Abin da ke ci min rai shi ne wanda ya san haka ya mai da shi hanyar cin kuɗin wanda bai sani ba. Mai Lexus ya zo, a sayo masa kayan da ya san na Camry ne, a ce masa ai na Lexus ne, a ninka kuɗi. Wannan ba wayo ba ne, haram ce, kuma ba a garejina ba. In ka san kayan wata mai araha zai hau daidai, faɗa wa mai mota, ya ji daga bakinka.

Saboda haka daga yau in mota ta shigo, tambari shi ne na ƙarshe da za ka duba. Fara da lambar shasi, haruffa da lambobi goma sha bakwai, tana ƙasan gilashin gaba ko a jikin ginshiƙin ƙofa. Ukun farko za su gaya maka mai sunan: WVW Volkswagen, WF0 Ford ta Turai, VSS SEAT, 5Y2 Vibe, 2T1 Toyota ta Kanada. Na goma kuma a motocin Amurka shi ke nuna shekara. Daga nan ka sunkuya ka nemo lambar injin a jikin bulok, ka goge ta ka rubuta. Sannan lambar da ke jikin abin da ya lalace.

Yanzu ɗauki ƙarfen nan ka sa a buhu, ka hau mashin zuwa Ƙofar Ruwa. Ka ce na Sharon tsohuwar fuska kake so, gefen direba. Kada ka biya sai ka ɗora sabon a kan tsohon, ka ga ramuka sun hau juna, lamba ta yi daidai. In ya ce maka ai duk ɗaya ne ba sai an gwada ba, wuce shago na gaba. Ka dawo kafin la'asar, mai motar gobe da asuba zai yi lodin Jos.