Littafin koyon Access ya yi min kauri, ta ina zan fara?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka samo ƙaton littafin koyon Microsoft Access a Samaru, kana so ka haɗa wa kantin maganinku na Sabon Gari rumbun bayanai, amma kaurinsa ya karya maka gwiwa.

Kada ka bi shi daga bango zuwa bango. Ka daɗe a babin tsara tebura (jadawalin da ake jera bayanai layi-layi) da alaƙarsu, nan ne gindin aikin. Buɗe littafin cinikinku ka duba: magani ɗaya an rubuta shi sau ashirin, nan "Panadol", can "fanado". Irin wannan maimaicin ne tsarin ajiye bayanai da masanin kwamfuta Edgar Codd ya kawo a 1970 yake hanawa. Magunguna teburinsu daban, masu saye daban, ciniki daban, kowane layi da lambarsa wadda ba ta maimaituwa, ita ke haɗa su. Ka zana wannan a takarda kafin ka kunna kwamfuta.

Fom na shigar da bayanai da rahoto na fitar da su ba su da wuya daga baya. VBA, wato yaren rubuta wa Access umarni, ka bar shi tukuna.

Fayil ɗin Access ba ya wuce 2GB, ya ishi kanti. Amma don Allah kullum ka kwafa shi a filashi. Ɗauke wuta ya taɓa lalata min aikin wata guda.