Amsa: "mustn't" da "don't have to" ba ɗaya ba ne

Malama, kin tambaya ko ma'anarsu ɗaya. A'a, kuma nan ɗalibaina a ƙauyenmu wajen Ringim suka fi tuntuɓe. "You mustn't go" hani ne, wato kada ka je. "You don't have to go" kuwa, ba dole ba ne, in ka ga dama ka je.

Na taɓa ce wa wani yaro "you don't have to come tomorrow", sai ya zaci korarsa na yi. Washegari ga mahaifinsa da ƙwaryar gyaɗa, ya zo ban haƙuri!

Su kalmomin "can", "should" da "will" kuma, in za a kore su, "not" kawai ake liƙa musu, ba ruwansu da "do". Babu "I don't can". Sai dai "will not" in an gajarta, "won't" take komawa.