Tambaya da Amsa: Ina son zuwa Benis a Nuwamba, me ya kamata in ji tsoro?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin zane ne a Zariya, na shekara da shekaru ina koyar da gine-ginen birnin Benis na Italiya daga hotuna kawai. Yanzu Allah Ya hore mini, ina son in je in yi kwana huɗu a watan Nuwamba. Maiɗakina ta ga bidiyon ruwa ya mamaye dandalin San Marco, hankalinta ya tashi. Ga kuma wani ejan ya ce bizar Italiya ta yi wuya, in bari ya nema mini ta wata ƙasar Turai, shi zai haɗa takardar otal da ta banki. Me kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar wa uwargida da hankali. Mai yiwuwa bidiyon na daren 12 ga Nuwamba 2019 ne, lokacin da ruwan teku ya hau santimita 187 sama da ma'aunin da ake auna shi da shi a birnin, irin wanda ba a gani ba tun 1966. Tun Oktoban 2020 suna da shingen MOSE, ƙofofin ƙarfe 78 da ake tayarwa su toshe mashigun teku idan an hango ruwa mai yawa. San Marco dai shi ne wuri mafi kwari a garin, don haka yakan jiƙe, amma ruwan teku ne mai hawa da sauka, cikin 'yan awanni ya janye. Za ka ji jiniya, ka ga ma'aikata sun jera dandamalin katako ana bi ta kai. Ka sa takalmin roba, kada ka shiga da ƙafa tsirara don ɗaukar hoto, ruwan a gauraye yake da na magudanai.

Ejan ɗin nan ne abin tsoro, kuma wallahi na gaji da wannan magana. Kusan kullum sai wani ya zo mini da ita: wai bizar Shengen, wato bizar da ƙasashen Turai da dama suka haɗu a kanta har da Italiya, duk ɗaya ce, ka karɓa inda ta fi sauƙi ka shiga inda ka ga dama. Dokar ta ce ka nema a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Kai Benis za ka, to Italiya za ka nema. Idan ka sauka da bizar wata ƙasa, jami'in filin jirgi yana da ikon tambayarka otal da tikitin komawa, in labari ya saɓa ya mayar da kai, domin biza izinin zuwa bakin ƙofa ce kawai.

Takardun bogi sun fi wannan muni. Ofisoshin jakadanci suna iya kiran otal, suna iya tuntuɓar banki. Zanen yatsunka da sakamakon nemanka suna shiga rumbun kwamfuta guda na ƙasashen Shengen 29, su zauna shekara biyar. Wani bawan Allah ya taɓa shigowa ofishina da takardar ƙin ba shi biza a hannu, an yi wa layin da ke cewa bayanansa ba abin dogaro ba ne alama. Ɗan kasuwa ne mai kuɗinsa na halal a banki, da ya kai takardunsa na gaskiya da ba shi da abin ɓoyewa. Ejan ya ce masa kuɗin "ba su yi kyan gani ba", ya ƙara masa sifili. Yana ta juya takardar yana tambayata ko za a iya gogewa. Ba a gogewa, Malam. Ejan ya ci kuɗinsa ya kashe waya, tabon kuwa a sunan mai fasfo ya zauna. Duk wanda ya ce maka yana da mutum a ciki, ƙarya yake yi.

Kai da kake da aiki da albashi, me ya kai ka ga wannan? Ka kai takardar wurin aikinka da ta hutu, bayanin asusunka na gaskiya, otal ɗin da ka kama da kanka, da inshorar lafiya ta Yuro 30,000. Kuɗin biza Yuro 90 ne, ba a mayarwa. Ana karɓar nema tun saura wata shida tafiya, saboda haka ka fara neman ranar ganawa yanzu, jiranta ne ke cinye lokaci.

Idan ka isa, ka yi sammakon cocin San Marco kafin layi ya yi tsawo, kuma ka bar babbar jaka a masauki. Ka biya ka hau bene: can dawakan tagulla huɗu na asali suke, waɗanda aka kwaso daga Kustantiniyya (Istanbul ta yau) a 1204, waɗanda za ka gani a gaban cocin daga waje kwafi ne. Daga can kuma zinaren rufin yana kusa da idonka, har ka ga yadda aka karkata ƙananan gilasan da aka jera aka yi adon da su don su kama haske. A fadar Doge, wato shugaban Benis na da, ka tsaya gaban babban zanen Aljanna na mai zane Tintoretto. Accademia kuwa, gidan adana zane-zanen birnin, ka ba ta rabin yini. A can zanen Gentile Bellini na 1496 zai nuna maka dandalin da ka taka da safe yadda yake shekara ɗari biyar da suka wuce.

Kwale-kwalen gondola tsada gare shi, jirgin haya mai lamba 1 zai bi da kai babban mashigin ruwan ta ƙarƙashin gadar Rialto. Ka ware safiya guda ka tsallaka tsibirin Murano, inda aka mayar da maƙeran gilashi tun 1291. Ka nemi sashen duwatsun wuya a gidan tarihinsu, irinsu ne fatake suka yi ta kawowa kasuwannin Afirka ta Yamma, ɗalibanka za su so hotunansu.