Amsa: Daga ina ake auna tazarar gini da bakin tafki?

Malam, ka tambaya ko daga bakin ruwan da kake gani yanzu za ka auna tazarar gininka. A'a. Ana aunawa ne daga inda ruwa ya saba kaiwa idan tafkin ya cika. Ka duba gaɓar da kyau: akwai layin da ciyawar tudu ta tsaya, tsirran fadama suka fara, ƙasar ta canza launi. Nan ne ma'auni. Wanda ya auna da rani, damina na zuwa zai tarar da ruwa a gindin katangarsa.

Kowace hukuma da nata adadin, sai ka nemi taswirar shiyyar kafin ka haƙa tushe. A jihar Wisconsin ta Amurka, misali, gini yana ja da baya ƙafa 75, kuma ƙafa 35 na farko daga ruwa ba a share tsirransu.

Wannan zirin ciyayi shi ne abin da na fi so ka kiyaye. Saiwoyi ke riƙe gaɓa kada ta zaizaye, su tace laka da sinadarin fosfaras da ruwan sama ke kwasowa daga taki da masai. Idan fosfaras ya yi yawa, gansakuka ta rufe ruwan, ta ruɓe, ta cinye iskar da kifi ke shaƙa, kifi ya mutu.

Ramin masai ka kai shi can bayan gida, nesa da ruwa. Kada kuma ka malale farfajiya duka da siminti, domin ruwan da ya rasa inda zai nutse tafkin zai nufa da duk dattin da ya kwaso.