Na tashi daga Hamburg, jim ɗin da na bari suna bina Yuro 600

Wani ƙanenmu da ke Jamus ne ya turo wannan kan rikicinshi da jim, wato wurin motsa jiki, na cire sunanshi na bar maganar yadda take:

"Salamu alaikum Yaya. Dan Allah shawara nake nema. Da a Hamburg nake, nayi rajista da wani jim kusa da gidanmu, kwantiragin wata 24, Yuro 35 duk wata. Wata tara na biya sai Allah ya bani aiki a Nürnberg na tashi. Kafin in tafi naje na faɗawa yarinyar da ke kan tebur cewa na bar garin, tace toh. Da naga basu daina cirar kuɗi ba sai na shiga af ɗin banki na dawo da kuɗina har sau biyu. Yanzu ga takarda daga wani kamfanin Inkasso (masu karɓar bashi) wai Yuro 600 da ɗoriya. Abokaina sunce in share kawai tunda na bar garin. Kuma ina shirin zuwa Damagaram wata uku in duba Hajiyarmu, ba ta jin daɗi. Wannan abin zai taɓa takarduna?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya bawa Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ya kuma sanya albarka a sabon aikin.

Dan girman Allah kada ka share. Masu ce maka ka share ba sunansu bane a jikin takardar nan, kuma ba su zasu tsaya gaban mai gidan haya gobe ana tambayarsu takardar Schufa ba, wato takardar da ke nuna tarihin mutum wajen biyan bashi.

Bari in fara da wanda bazaka so ji ba. A Jamus tashi daga gari baya warware kwantiragin jim. Maganar nan har babbar kotun tarayya da ke Karlsruhe taje, a watan Mayun 2016 aka yanke ta, kuma kan wani soja ne da yayi rajista a Hannover sai aikin soja ya ɗauke shi zuwa wasu garuruwa, mutumin da ba shi ya zaɓi inda za a kai shi ba, amma duk da haka kotu tace sai ya biya, sbd a wurinsu tashi lamarinka ne kai da rayuwarka, jim ɗin yana nan inda ka barshi ƙofarshi a buɗe. Toh in soja bai tsira ba kaga ai ni da kai sai haƙuri. Nasan inda abokanka suka samo tasu maganar, dokar intanet ɗin gida ce, can ne in ka koma inda kamfanin bazai iya haɗa maka layi ba kana da damar fita da sanarwar wata ɗaya. Mutanenmu sai suka ɗauka haka abin yake a komai, alhali ba haka bane.

Sai maganar yarinyar kan tebur. "Toh" ɗin da tace maka ba komai bane wlh. Mu mun taso inda in ka kalli idon mutum kace na fasa, yace Allah ya kaimu, shikenan magana ta ƙare. Nan kuwa abinda ba a rubuce ba kamar ba a yi shi bane, ita wataƙila ma ɗaliba ce mai aikin awa-awa, ta tashi daga aiki ta manta da kai. Fita daga kwantiragi, wato Kündigung, a rubuce ake yinta. Tun Oktoban 2016 imel ma ya wadatar, ba dole sai wasiƙa mai sa hannu ba, kuma tun 1 ga Yulin 2022 duk kamfanin da ake iya ƙulla irin wannan kwantiragi a shafinsa na intanet dole ya saka maɓallin fita a shafin. Amma ni har yanzu nafi natsuwa da mutum ya haɗa biyu, ya tura imel kuma yaje gidan waya ya aika Einschreiben, wato wasiƙa mai rajista, ya ajiye ɗan rasit ɗin, Yuro kaɗan ne.

Yanzu lissafinka. Wata 24 ka cire tara, saura 15, sau 35, Yuro 525 kenan, abinda ya hau kai kuɗin tunatarwa ne da cajin banki na kuɗin da ka dawo dasu da kuma ladan masu Inkasso. Zakace ai wata biyu kawai ka riƙe, me ya kawo wata 15? Ka ɗauko kwantiragin ka duba ƙananan rubutun baya, yawancinsu akwai layin da yace in ka yi wata biyu baka biya ba to duk sauran kuɗin ya zama wajibi nan take. Wannan dawo da kuɗin da kayi shi ya taɓo layin. Eh banki ya baka dama, cikin sati takwas zaka iya dawo da duk abinda aka cira ta Lastschrift, wato cirar kuɗi kai tsaye daga asusunka, ba tare da an tambayeka dalili ba, amma wannan tsakaninka da banki ne, bashin yana nan a wuyanka bai motsa ba.

Akwai ƙofofin fita na gaske, in faɗa maka su ka duba ko ɗaya ta dace da kai. In ta intanet ka ƙulla, akwai kwana 14 na janyewa, amma naka ya wuce tuni, kuma wanda ya sa hannu a cikin jim ɗin ma bashi da wannan. Rashin lafiya mai ɗorewa da ke hana motsa jiki tana fitar da mutum in likita ya rubuta, kuma kotun nan dai a 2012 tace basu da hurumin tilasta maka faɗin ko wace cuta ce. Amma ina roƙonka kada kaje neman takardar likita ta ƙarya, na san ana bada wannan shawarar a majalisa, bashin jim ba laifi bane a doka amma takardar bogi laifi ce, kuma ita ce zata iya taɓa zamanka a ƙasar da gaske. Ka sayi babbar masifa don gudun ƙarama kenan. Mu kuma da muka karanta farkon suratul Ma'ida mun san abinda aka ce mana kan cika alƙawari, hannunka ne a takardar nan ko da baka karanta ba.

Ƙofar da nafi sa rai da ita a naka, ita ce ta lallami. Ka duba kwantiragin da kyau, wasu jim ɗin da kansu suke rubuta cewa in ka tashi zuwa nesa kilomita kaza kuma basu da reshe a can zasu sake ka, in akwai wannan layin to ka ci, sai ka haɗa da takardar Anmeldung ɗinka ta Nürnberg, wato shaidar rajistar adireshi, ka tura. In babu, ka rubuta musu kai tsaye, su jim ɗin ba masu Inkasso kaɗai ba, cikin ladabi, kace ka tashi ranar kaza ga shaida, ka faɗa da baki a lokacin baka san sai a rubuce ba, kana shirye ka biya wata biyun da suka wuce yanzu, kana roƙon su sake ka daga sauran ko su rage. Kalmar da suke ganewa ita ce Kulanz, wato sassauci don ganin dama. Ba dole bane su yarda, amma na sha ganin sun yarda da rabi, don su ma sun fi son kuɗi a hannu da bin mutum kotu. In manyan nan ne masu rassa ko'ina ka tambaya a maida kai reshen Nürnberg ka ci gaba da ɗaga ƙarfenka, tunda dai biya zakayi gara jikinka ya amfana. Ko kuma ka nemo wani a cikin yaran Hamburg mai son shiga jim ya karɓi kwantiragin da sunanshi, da yardarsu a rubuce, ba wai ka miƙa mishi katinka kawai ba. Kuma a cikin wannan wasiƙar dai, ko sun yarda ko basu yarda ba, ka saka layi ɗaya cewa kana fita a rana mafi kusa da doka ta yarda, su tabbatar maka da ranar a rubuce. Kwantiragin da aka ƙulla daga 1 ga Maris 2022 in wa'adin ya cika baya sake ɗaure ka shekara guda kamar da, wata-wata yake komawa, amma fa bazai tsaya da kanshi ba sai ka tsayar dashi.

Su kuma masu Inkasso, ka sani ba kotu bane ba 'yan sanda bane, kamfani ne mai karɓar bashi, rubutunsu ne mai zafi. Doka ta ƙayyade ladan da zasu ɗora, kuma ba kullum lissafinsu yake daidai ba. Ka kai takardar Verbraucherzentrale, ofishin kare masu saye, akwai a Nürnberg, suna da ma Inkasso-Check kyauta a intanet. In Jamusancin ne ke baka wuya kaje wurin masu bawa baƙi shawara na Caritas ko AWO ko Diakonie, kyauta ne. Kuma kada ka sa hannu a fom ɗin biya kaɗan-kaɗan da suka haɗo maka kafin wani ya karanta maka, sau da yawa a ciki akwai amincewa da dukkan bashin har da ƙarin caji.

Toh maganar takardu. Bashin jim shi kaɗai baya soke izinin zama, ba a kama mutum a filin jirgi saboda shi, kaje ka dawo lafiya. Inda yake cizo Schufa ne. In an tunatar da kai sau biyu a rubuce, an gargaɗe ka, kai kuma kayi shiru baka musa ba baka biya ba, suna iya kai sunanka, kuma ko ka biya daga baya tabon yakan iya kai shekara uku. Kai da ka shigo sabon gari, wataƙila ɗaki ɗaya kake ciki yanzu, gobe zaka so gida mai ɗaki biyu ka kawo iyali, mai gida kuma abu na farko da zai nema takardar nan ce. Layin waya na kwantiragi ma sai ya gagara.

Abinda yafi tsaya min a rai tafiyarka ce. Kwanaki wani bawan Allah yazo min da leda cike da wasiƙu ko buɗewa baiyi ba, yaje gida aure ya daɗe, muka zazzage su kan tebur muna warewa, can ƙasa sai ga ambulan ruwan ɗorawa guda biyu, da kwanan wata da ɗan gidan waya ya rubuta da biro a kusurwa. Ina ganinsu gabana ya faɗi. Ta farkon Mahnbescheid ce, wato takardar neman biyan bashi daga kotu, sati biyu kacal ake bayarwa daga ranar da ke jikin ambulan ɗin ka mayar da fom kace baka yarda ba, kuma kotun bata bincika ko bashin gaskiya ne kafin ta aiko, abinda mai ƙara ya rubuta kawai take turowa. Ta biyun hukuncin ne, itama sati biyunta ya wuce. Irin wannan hukunci shekara 30 yake aiki, dashi ake riƙe asusun banki ko a yanki albashi tun daga wurin aiki. Mutumin ya zauna yayi shiru, can yace min kuɗin da ya saba turawa gida duk wata ne yake tunani. Bana so in ganka a wannan kujerar.

Don haka kafin ka hau jirgi ka rubuta wasiƙun nan biyu, ta jim da ta Inkasso, ka basu adireshinka na Nürnberg don kada su ci gaba da aikawa tsohon gida, ka tabbatar sunanka na manne a akwatin wasiƙa. Ka bar makullin akwatin a hannun mutum ɗaya mai amana da zai buɗe duk sati ya ɗauki hoto ya turo maka ta WhatsApp, musamman in yaga ruwan ɗorawa, ranar ya kira ka kada ya jira. Ka bar kuɗi a asusun kuma, kada ka kwashe tas ka tafi dasu. Wata ukun da kace ba matsala, amma in jikin Hajiya ya sa zaka ƙara, ka riƙe a ranka cewa yawancin izinin zama yana mutuwa in mutum ya wuce wata shida a waje, sai ka nemi ƙarin lokaci a ofishin baƙi tun kafin lokacin ya cika.

Ka ɗauki hoton kwantiragin gaba da baya da takardar Inkasso ɗin ka turo min yau ko gobe, ka rufe lambar asusunka, in duba maka layin tashi da layin wata biyun nan sai mu rubuta wasiƙar tare. Ka gaida Hajiya da jiki.