Daga Sakkwato, zan iya kallon baje kolin zane-zane ta waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin zane ne, kuɗin motar Legas ma ya fi ƙarfina, balle Landan. Abokaina suna cewa yanzu ana kallon manyan baje kolin zane-zanen zamani ta intanet. Akwai abin da mutum zai ƙaru da shi, ko ɓarnar data ce kawai? Daga wani ɗalibi a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Akwai ƙaruwa, amma sai ka san abin da waya take iya kawo maka da wanda take ɓoyewa.

Baje koli kasuwa ce. Dillalan zane ne ke kama rumfuna na 'yan kwanaki, su kafa ayyukan masu zanen da suke wakilta, masu kuɗi su zo su taya. Mafi kusa da mu ita ce ART X Lagos, wadda Tokini Peterside ta kafa a 2016, ana cin ta a watan Nuwamba. Sai 1-54, wadda Touria El Glaoui 'yar Maroko ta fara a Landan a 2013, daga baya ta kai ta New York da Marakesh. Sunan yana nufin nahiya ɗaya, wato Afirka, mai ƙasashe 54. Uwarsu ita ce Art Basel ta Suwizalan, tun 1970. Da korona ta sa aka soke bikinta na Hong Kong a 2020, sai suka buɗe ɗakunan kallo a intanet a watan Maris na shekarar, sauran kuma suka bi sahu.

Abin da ya fi amfanar ka a nan shi ne zaman tattaunawa. A zauren, wanda ke kujerar baya ba lallai ya ji komai ba, kai kuwa a YouTube kana iya tsayarwa, ka mayar baya, ka rubuta sunan da ya wuce ka. Turancin wasu masu sharhin yana da kauri, har ni wani lokaci sai na kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan bidiyo. Ka fi neman inda mai aikin da kansa ke bayanin yadda ya yi shi.

Inda waya take yaudara kuwa shi ne girma da jikin abu. Ɗauki El Anatsui, ɗan Ghana da ya daɗe yana koyarwa a Nsukka. Marafan kwalabe yake bugewa, a ɗinke su da wayar jan ƙarfe, har su zama kamar ƙaton mayafi da ke rufe bangon bene. A allon wayarka sai ka ɗauka dardumar salla ce. Don haka duk aikin da ya ja hankalinka, karanta awon da aka rubuta a ƙarƙashinsa, ka ɗauki awon tela ka auna shi a bangon ɗakinku. Idan an ce santimita 200, to ya fi ka tsawo. Launi ma ba abin yarda ba ne. Wayata da ta ɗalibaina ba su taɓa nuna ja iri ɗaya ba.

Maganin wannan yana kusa da kai. Je wurin dukawa ka riƙe jar fatar akuyar Sakkwato a hannunka, ka juya ta a rana, sannan ka ɗauki hotonta ka kwatanta. Ratar da ka gani tsakanin biyun, ita ce ratar da za ka riƙa cikewa da tunani duk lokacin da kake kallon aikin wani ta allo.

Batun data: rage ƙarfin bidiyo idan magana kawai kake saurare, ka adana ƙarfin don hotunan da za ka faɗaɗa. In kana son kallon kai tsaye, a Oktoba lokacin 1-54 ta Landan agogonsu daidai yake da namu, New York kuwa a watan Mayu muna gabansu da awa 5. Zaman da suka sa ƙarfe 3 na rana zai same ka ƙarfe 8 na dare, sai ka yi cajin waya tun da sauran wuta.